Gwaggo Tabawa da Gorar Maganin Ƙiba

Ku da kuka san Gwaggo Tabawa ba sai na tuna muku da yatsan nan nata ba. In ta shigo gida ta tarar da mutum riƙe da kofin shayi, ba ta amsa gaisuwa sai ta tsoma yatsa ta ɗanɗana. In ta ji sukari ya yi yawa, sai ta yi maka kallon wanda aka riga aka yanko wa likkafani, ta tambaye ka ko ka bar wasiyya. Manya da yara duk shakkarta muke yi. Ni kam ko tarinta na jiyo daga zaure, sai in tura fanken da ke hannuna ƙarƙashin tabarma. Wata rana ta zauna daidai kansa, ta tashi da mai a zanenta. Sai bayan kwana uku ta aiko a gaya wa Inna wai a kai tabarmarmu asibiti, tana da ciwon suga.

Yayar mahaifinmu ce, ciki ɗaya. Ita ta yi jinyarsa lokacin da ciwon suga ya kama masa ƙafa, har aka yanke ta, har Allah ya karɓi abinsa ina 'yar shekara goma sha biyu. Tun daga nan ta ƙulla gaba da sukari, ta raɗa masa suna mai kisan mummuƙe. Abokin gabarta na biyu kuwa abin hawa ne. Kun tuna rasuwar da aka yi mana a Sandamu, dangi suka cika mota daga nan Daura aka bar mata kujerar gaba. Ta ce ƙafafun da Allah ya ba ta ba na aro ba ne, ta kama hanya a ƙasa. Kafin ta isa, 'yan mota sun yi gaisuwa, sun ci abinci, suna haramar dawowa. Ta yi ta'aziyyarta, ta sha ruwa, ta juyo. Aka roƙe ta ta shiga motar ko don komawa, ta ce ita ba ta saba barin aiki rabi ba.

Ni Binta kuwa jikin mahaifinmu na ɗauko. Ina shekara goma sha biyar 'yan ajinmu suka sa mini suna Tanka. Tsokanar tana yi mini ciwo, amma ba ita ta hana ni sukuni ba. Wata maƙwabciya ce ta dube ni ta ce wa Inna, a kan kunnena, wannan yarinya hanyar ubanta za ta bi. Daga ranar kullum na tashi da safe sai na duba yatsun ƙafata ɗaya bayan ɗaya. Ko sauro ya cije ni a diddige, sai in ce shi ke nan ya fara. Na ga ƙafar Baba kafin a yanke ta. Ban taɓa gaya wa kowa cewa na gani ba.

Ana cikin haka wata mata mai bin gida-gida da turaruka da magunguna a jaka ta tare ni a zaure. Ta nuna mini wata gora mai baƙin ruwa, ta ce in na sha safe da yamma na rage abinci, kafin sati biyu zan koma kamar sillen kara. Na saya a ɓoye. Ɗacinsa ya fi na maɗaci. Ni kuma da na ji an ce rage abinci, sai na daina gaba ɗaya, ina zuba wa awaki tuwona in kai wa Inna kwano a suɗe. Gudawa ta sako ni gaba. Kaina ya riƙa juyawa, hannuna yana rawa har ba na iya riƙe biro, ƙirjina yana bugawa kamar ana daka a ciki. Duk da haka murna nake yi, don na ji siket ɗin makaranta ya fara sakina. Ranar kwana na tara, muna tsaye a layi da safe, na ga bakin shugabar makaranta yana motsi amma ba na jin sauti. Sai duhu.

A gadon asibiti na farka, da robar ƙarin ruwa a hannu, Inna tana kuka. Malamar asibiti ta ce ruwan jikina ya kusa ƙarewa, da na ƙara kwana biyu a haka da ƙodata ta taɓu. Aka zazzage jakata aka ga gorar. Daidai nan Gwaggo ta shigo. Ta karɓa, ta buɗe, ta sunsuna, ta cusa ta cikin hijabinta. Na rufe ido ina jiran saukar aradu. Shiru. Matar da ke yi wa akuya faɗa in ta ci ba bisimilla, ta yi kwana uku a gefen gadona ba ta ce mini ci kanki ba. Lokaci-lokaci dai ta ɗaga zanen rufata ta tattaɓa ƙafafuna, ta mayar ta rufe. Wallahi na fi jin tsoron shirun nan fiye da allura. Har addu'a na riƙa yi kada a sallame ni.

Da aka sallame ni ta ce wa Inna gidanta za ni, kuma ba shawara ta kawo ba. Ganin ba ni da ƙarfin tafiya, ta tsayar da ɗan acaba ta ɗora ni, ta ce masa in ya wuce ta da taku ɗaya za su haɗu a lahira. Haka muka ratsa gari, babur yana jan ciki, tsohuwa tana gefe, mutane suna kallo.

A gidanta na zauna a kusurwa ina jiran bulala. Sai ga ta da tuwon dawa, miyar taushe, da kwaɗon zogale. Ta ajiye a gabana ta ce, "Ci."

Na ɗauka tarko ne. Na fashe da kuka na ce ni ba na son in zama kamar Baba.

Ta dube ni ta ce, "Ubanki kwanansa ne ya ƙare, amma ba tuwo ya ja masa ba. Ita kuwa yunwa ba ta san kitse daban ba, Binta. Mutum take ci gaba ɗaya."

Ashe a kwanakin nan uku ta tsare malamar asibitin da tambayoyi har sai da baiwar Allah ta fara ɓuya. Abin da ta jiyo shi ta ɗora ni a kai. Abinci sau uku ba fashi, malmalar tuwo daidai dunƙulen hannuna, ganye kuwa in ci har in gaji. Wake, kifi in an samu, fura ba sukari. Lemon kwalba ya zama tarihi, fanke sai ranar Juma'a, shi ma guda biyu, tana tsaye. In kwaɗayi ya motsa ta miƙo mini goruba, ta ce kafin in gama gwaguyarta na manta abin da nake so. Da na warware ta ba ni taɓarya da guga in riƙa daka da jan ruwa, sannan kullum bayan la'asar mu fita tattaki zuwa bayan gari.

Mai maganin ba ta tsira ba. Gwaggo ta aika mata cewa ita ma tana son rage tumbi, matar ta zo da murnarta. Gwaggo ta fito da gorata, ta cika kofi, ta ce matar ta fara sha ta gani tukuna. Matar ta ce ai azumi take yi, na ramuwa. Gwaggo ta ce madalla, ta shimfiɗa mata tabarma, ta sa sakata a ƙofar zaure, ta ce sai su yi buɗa-baki tare, da wannan kofin. Ina ɗaki ina leƙe. Can matar ta nemi buta ta zagaya. Shiru-shiru ba ta fito ba. Da aka duba, takalmanta kaɗai aka tarar a gindin katanga. Gwaggo ta ce lallai maganin yana da kyau, ko ba a sha ba ya sa mace ta yi sauƙin tsallake katanga. Ba a sake ganin matar a unguwarmu ba.

Tattakin ma ya so ya jawo magana. Shekarun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci ne, kowa yana taka-tsantsan da abin da za a ce ya yi. Maƙwabcinta Malam Ila, mai tumbin nan, ya tare mu ya ce bai dace a ga budurwa tana zabga sauri a bayan gari ba. Ni har na hango mu gaban alƙali. Gwaggo ta nuna masa hijabina har idon sawu, ta ce in tsoro yake ji mana, ya biyo mu ya yi gadi, lada ne. Don kada a ce ya ji kunya, ya biyo. Ba mu kai gonakin farko ba ya zube a gindin darbejiya, yana yi mana alama da hannu mu ci gaba. Da muka dawo muka same shi nan, Gwaggo ta tambaye shi ko mai gadi ya ga wani abin ƙi. Bayan sati guda ya turo 'yarsa Rakiya ta riƙa bin mu.

Abin bai zo da sauri ba. Wata na farko ban ga canjin komai ba, na yi ta ƙunƙuni, ta ce ba a shuka gero yau a yi fura da shi gobe. Ba ta taɓa ɗora ni kan sikeli ba. Ma'auninta shi ne ko zan iya kaiwa tsamiyar bakin hanya ina magana ba tare da haki ba. A gindin tsamiyar nan na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye ta me ya sa ta yi mini shiru a asibiti. Ta ce da ta buɗe baki kuka ne zai fito, in kuwa aka ga Tabawa tana kuka, wa zai ƙara rage sukari a dangin nan?

Shekara ta zagayo. Ban zama sillen kara ba, kuma kuna ganina har yau ban zama ba. Amma jikina ya yi sauƙi, ina barci lafiya, aka gwada jinina aka ce ƙalau. Wata safiya na lura na yi kwanaki ban duba yatsun ƙafata ba.

Muna ta dariya yanzu, amma akwai abin da ban taɓa ba ku labarinsa ba. A ciwonta na ƙarshe, da damina, na je na same ta ta zama ƙarama a kan gado, kamar ba ita ba. Muna mu biyu. Na tambaye ta ko tana son wani abu. A iya sanina ba ta taɓa roƙon kowa komai ba. Sai ta kama hannuna ta ce, "Tsoro nake ji, Binta. Matso kusa." Na matsa. Na riƙe ta muna maimaita kalmar shahada tare a hankali, har numfashinta ya lafa ta samu barci. Kwana biyu bayan nan ta cika.

Allah ka ji ƙan Gwaggo Tabawa. Ka amintar da ita daga abin da ta ji tsoro, ka yalwata mata kabarinta, ka haɗa ta da ƙanenta a inda babu ciwo. Amin.