Shayin Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, in ana maganata kuma "yarinyar nan". Tun ina ƙarama abin yake ci mini rai, ga ni da saurin fushi kamar mahaifina.

Da na sami aikin buga tafireta a wata ma'aikata a Minna, a ƙarshen shekarun saba'in, na ɗauko ta daga Kagara ta zauna da ni a Tudun Wada. A albashina na farko na saya mata gwangwanin ganyen shayi da madara. A Kagara kunun tsamiya ta sani, shayi na 'yan boko ne. Ta juya gwangwanin a hannu, ta ce, "Allah ya yi albarka," idonta na kan bango.

Daga ranar shayi ya zauna daram a gidan. Tana ajiye kwanon tuwo sai ta ɗauki kofi, safe da rana da yamma, mai kauri. Duk maƙwabciyar da ta leƙo sai ta sha, ta kuma ji cewa yarinyar nan ce ke sayowa. Ina daga ɗaki ina jin su, kaina yana kumbura. Iyakar yabon da na taɓa samu daga gare ta ke nan, shi ya sa ban taɓa barin gwangwanin ya ƙare ba.

Sai Inna ta fara haki in ta ɗebo ruwa. Tafin hannunta ya yi fari fat. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Ta sha har suka ƙare, babu sauyi. Na mayar da ita ina ta faɗa, wai maganinsu na bogi ne.

Nas ɗin da muka tarar Bagwariya ce, mai haƙuri. Ta bar ni na gama, sannan ta juya ga Inna.

"Mama, da me kana shan maganin?"

"Ba na iya haɗiyar ƙwaya, 'yar nan. Dakawa nake yi in zuba a shayi. Yana da ƙarfi kuwa, nan take shayin ke komawa baƙi wuluk."

Nas ta girgiza kai. Ta ce sinadarin ƙarfe ne a cikin ƙwayar, shi jiki ke bukata ya yi jini. Abin da ke sa shayi bauri kuwa kama ƙarfen yake yi ya riƙe, baƙin nan alamar haɗuwarsu ce, sai ya wuce ta ciki bai shiga jiki ba. Haka yake yi wa ƙarfen da ke cikin wake da ganye in an bi abinci da shi. Ta ce a sha ƙwayar da ruwa ko lemo, shayi kuma a ba shi tazara da abinci.

Sai a lokacin na gane. Duk watannin nan da hannuna nake kawo abin da ke tare mata jini, ina jin daɗi ana yabona.

Tazara aka ce, amma haushin kaina ya rufe mini ido. Muna isa gida na juye ganyen a kwata, na yar da gwangwanin, na ce an gama shan shayi a gidan nan. Inna ta dubi kwatar, ta ce, "To."

Jini ya dawo, hakin ya tafi. Ni kuwa na kasa sake sayen shayin, ko ganinsa a kanti ba na so.

Wata ranar Asabar ina guga a ɗaki, maƙwabciyarmu ta shigo gaisuwa. Na ji tana zolaya.

"Inna, yau ma babu ɗan shayin namu?"

Na leƙa ta labule. Gwangwanin da na yar yana kan jeren kwanukanta, an goge shi tas.

"Ya ƙare ne," in ji Inna. "Aiki ya yi wa yarinyar nan yawa. Amma ba ta mantuwa, za ta kawo."