Ranar da Barkono Ta Yi Tafi

Barkono ake ce mata, kuma wanda ya laƙaba mata sunan bai yi mata ƙage ba. Tun tana budurwa ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙasa, har furfura ta fito mata ba a taɓa sa ta ta fito a mutuniyar kirki ba. Ita ce mai gidan haya da ke watso kayan mutane waje, ita ce nas mai daka wa majiyyata tsawa, ita ce maƙwabciya mai sheƙa ruwan wanki a ƙofar ɗakin wani. Ta iya abin har ya bi ta gida. Wata mai tumatir ta taɓa ƙin sayar mata, wai ba ta ciniki da marasa imani. Barkono ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta wanke ta tas, sannan ta dawo wurin aiki tana ba da labarin da alfahari.

Mijinta mai gyaran fitilun dandali ne. Ya rasu ya bar ta da goyo, ita kuma ba ta iya komai ba sai wasa, don haka a bayan labule ta yi renon ɗanta. Idan za ta fita gaban jama'a sai ta buɗe babban akwatin kayan wasa, ta kwantar da shi a kan rigunan sarakunan ƙarya, ta fita ta zazzaga masifarta, ta dawo ta ba shi nono. 'Yan ƙungiya suka sa masa Ɗan Akwati.

Da ya shiga makaranta abin ya zame masa ƙaya. Yara suka riƙa ce masa ɗan muguwa. Ranar da ta je taron iyaye suka bi ta da ihu har bakin aji. Da suka koma gida ya ce mata, yana kuka, don Allah kada ta ƙara zuwa. Da wata uwar ce, da ta rungume shi. Barkono mari ta ba shi, ta ce muguntar nan ce ke sa masa takalmi a ƙafa. Gaskiya ta faɗa, amma yaron marin ya riƙe.

Ya yi karatu, ya samu aiki a ma'aikata, ya yi ta hawa. Da gwamnati ta tashi raya wasannin dandali, sai ta kafa hukuma guda, aka naɗa Ɗan Akwati mataimakin darakta, aka kuma ba hukumar mazauni a cikin gidan wasan da ya girma. Rayawar kuwa an ga irinta. Ɗakin atisaye aka fara karɓewa, aka shimfiɗa masa kafet, aka sa na'urar sanyaya ɗaki da kujera mai juyawa. Dandalin kansa aka riƙa ba masu taron ƙara wa juna sani. 'Yan wasa suka koma yin atisaye a wurin ajiye motoci, idan direba ya danna hon sai sarki da fadawansa su kwashe kursiyi su matsa gefe.

Duk wannan bai ci wa Barkono rai kamar abu ɗaya ba. Idan suka yi kiciɓis a baranda, ɗan da ta haifa sai ya ɗan rage tsawo ya ce, "Sannu, Hajiya," ya wuce. Haka yake ce wa mai shara. Tsofaffin ƙungiya sun san ɗanta ne, suka ja bakinsu. Manyansa kuwa ba wanda ya san komai. A ƙarshen mako yakan zo gidanta da ledojin cefane, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, a nan ne take zama Umma. Ba cefanen take so ba. So take ko sau ɗaya ya faɗi wannan kalmar a inda kunnen wani zai ji.

Wata ranar hutu ya zo yana ta kame-kame, ya ce minista zai zo ƙaddamar da shirin raya wasanni.

"Madalla," in ji ta. "Wane wasa za mu yi masa?"

"Ai ba wasa, Umma. Lokaci ba zai isa ba, jawabai sun yi yawa."

"To mu mene ne namu a ciki?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce manyan baƙi sun saba karɓar gayyata su ƙi zuwa, kuma bai kamata kyamara ta ɗauki kujeru wayam ba. Saboda haka za a buɗe ɗakin kayan wasa, 'yan wasa su sa tufafi masu kyau, su cika zauren. Sakatariya za ta tsaya a gefe, idan ta ɗaga hankici sai a yi tafi.

Barkono ta ce, "Wato mu ne 'yan kallo, ku ne 'yan wasa."

"Umma, ba haka ba ne. Kuma ke da kin huta abinki a gida. Ko ki zauna daga can baya."

"Saboda me?"

"Kin san halinki."

"Na san halina, na kuma san wanda na haifa. Idan an tashi, za ka kama hannuna ka ce wa ministan naka ga uwarka?"

"Ba wurin ba ne, Umma."

"Ina ne wurin? Maƙabarta?"

Ya tashi ya sa takalmi. Ta bi shi da ledar cefanen ta dire masa a kan mota.

Ranar taro da hantsi zaure ya cika maƙil da manyan mutane na bogi. Tsohon makaɗin ƙungiya ya sha kwat da ta matse shi a hammata, wai shi attajiri ne. 'Yan rawa suka zama ɗaliban jami'a. Barkono ta zaɓi kayan mai gidan haya, leshi mai nauyi da ɗauri kamar zai taɓo silin, ta taka har layin farko ta zauna a kujerar da aka keɓe wa wani babba. Sakatariya ta nufo ta, Barkono ta ɗago ido ta dube ta sau ɗaya, yarinyar ta tuna tana da wani aiki a can gefe.

Aka yi jawabai, hankici na tashi ana tafi, yana sauka ana dainawa. Hannun Barkono na kan cinyarta. Sai aka kira mataimakin darakta. Ya hau dandalin da ya koyi rarrafe a kansa, ya gyara makirfo, ya ce ɗan wasa shi ne madubin al'umma, kuma daga yau ba za a ƙara wulaƙanta shi ba. Hankici ya tashi. Aka tafa. Hankici ya sauka, kowa ya daina, ban da mutum ɗaya.

Tafin Barkono ne, busasshe, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ɗanta ya jira ta gama. Ta tsaya. Yana buɗe baki ta dasa. Wanda ya yi shekara da shekaru a dandali ya san daidai inda mai magana ke jan numfashi, ita kuwa wannan numfashin tun yana cikin akwati ta san shi. Minista ya yi murmushi, ya zaci ƙauna ce. Makaɗi ya dubi Barkono, ya dubi kwat ɗin da ke shaƙe shi, ya sa nasa hannun. 'Yan rawa suka ɗauka da ƙafa. Kafin a ankara zauren duka ya ɗau tafi, babu fara'a a fuskar kowa. Sakatariya na ta kaɗa hankici ƙasa kamar mai korar ƙuda. Tafi aka ce su yi, ga shi suna yi.

Murmushin minista ya ɗauke. Darakta ya yi wa masu gadi alama. Wani ƙato ya zo ya damƙi damtsen Barkono ya fizge ta tsaye, ɗaurin ya zame ya faɗi, furfurarta ta bayyana a gaban kowa.

"Kai! Sake ta!" Muryar ta fito ta kowace lasifika a zauren. "Sake ta na ce! Mahaifiyata ce!"

Mai gadi ya cika ta kamar ya taɓa wuta. Barkono ta sunkuya da kanta ta ɗauki ɗaurinta, ta ɗaga kai tana neman idon ɗanta. Shi kuwa ministan yake kallo, fuskarsa cike da kunya irin ta ranar taron iyaye. Ta ɗaura kallabinta a tsanake ta fice, tafin hannunta na raɗaɗi.

Ba a kore shi ba, an ce ma ministan dariya ya yi a mota. Ɗakin atisaye ma ba a mayar ba, har yau 'yan wasa a wurin motoci suke. Amma a ƙarshen makon nan Barkono ta share ɗaki ta yi girkin mutum biyu, tana faɗa wa maƙwabciya cewa ita ba jiran kowa take ba. Da mota ta tsaya, direba ne kaɗai ya fito da ledoji. Ta zage shi tas, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Yanzu duk gidan wasan ya sani. Masu gadi na miƙewa idan ta shigo, sakatariya har durƙusawa take ta ce, "Ina kwana, Maman Oga." Shi kaɗai ne idan suka haɗu a baranda yake duban wayarsa ya wuce. Ko Hajiyar ma ya daina ce mata.