Kwana Uku Saboda Waken Daji

Mutanen Lafagu sun daɗe da yanke cewa Malam Na'Allah yana da ɗan taɓi. In ba haka ba, wane manomi ne zai shekara arba'in yana lallaɓa ciyawa? A ƙarshen gonarsa, daf da iyakar Benin, akwai waken daji da ya nannaɗe wata geza, ƙwayarsa ƙanana baƙaƙe, ko kaza sai ta yi shawara kafin ta ci. Amma shi ya lura da abin da masu dariyar ba su lura da shi ba: wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotse saiwa, takan cinye waken gona ƙurmus, wannan kuwa ba ta taɓa kama shi ba. Maganin feshi ya ƙarar da irinsa a duk karkarar, saura nasa kaɗai.

Wata shekara Malama Mashkura, mai binciken iri, ta zo ta gani. Ta ce in aka yi masa barbara da waken gida, ana iya samun irin da zai gagari wuta-wuta. Ta roƙe shi ya tara mata ƙwayar, amma sai ta nuna a jikin uwarta, don ɗanya ba ta tsirowa.

Damina ta makara, waken ma ya makara. Ranar da aka yi shelar sakin gonaki ga dabbobi, kwansonsa kore ne shar. Washegari da hantsi sai ga garken Yero, makiyayin da ke tsallakowa ta Illo kowace kaka, sun miƙo gezar kai tsaye, yunwa ta sa ko tsawa ba sa ji. Na'Allah ya sha gabansu, hannuwa a ware. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san yadda irin wannan tsayuwar take ƙarewa.

Yero ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya tuna masa an saki gona. Gaskiya kuwa tasa ce.

"Kwana ukku nika roƙo, Yero."

"Baba, kan haki kaka tare min dukiya? Mi za su ci kwana ukkun?"

Wata saniya ta riga ta miƙa wuya ta gefen dattijon. Na'Allah ya ɗaga kai ya dubi harawar da ya jibge a kan bishiya, abincin sansa na huɗa har faɗuwar ruwa. Ya ce a sauke ta duka a zuba wa garken.

Rana ta huɗu, tun raɓa ba ta bushe ba, ya tsinke kwanson kafin zafi ya fasa shi. Ƙwayar ba ta cika gwangwanin tumatir ba. Malama Mashkura ta karɓa da hannu biyu, ta gaya masa aikin zai iya cin shekara goma.

Da rani ya tsananta, san Na'Allah ya rame har ya kasa tashi, dole aka yanka shi. Da ruwan farko ya sauka, maƙwabta suka fito da shanun huɗa. Na'Allah ya fito da garmar hannu, yana da shekara saba'in, ya sunkuya ya kama kunyar farko.