Maruƙan Jan Bijimin Baba

Mu 'yan unguwar Hausari ne. A can aka haife ni, a wani ƙaramin gida bayan masu ƙera akwatunan ƙarfe. Baba yana da shagon dusa da harawa, amma zuciyarsa ba ta taɓa zama a shagon ba, tana wajen shanunsa. Jajayen shanu ne irin da ake kira wadara, da ya gada daga kakana, suna daji ta arewa a hannun wani amininsa ɗan Shuwa. Idan ya je dubo su ya dawo, sai mu kwana biyu muna jin labarinsu kamar dangi ya je ganowa.

Da tashin hankali ya zo, hanyoyi suka rufe, wata rana sai ga aminin nan a ƙofar gidanmu, ƙafafunsa sun kumbura, leɓɓansa sun tsage. Abin da ya iya korowa ke nan: 'yan shanu ƙalilan da bijimi ɗaya. Sauran duk an kwashe. Baba yana da fili a unguwar Maisandari, sai ya kewaye shi da zana da langa-langa, ya kafa turaku, daga baya ya yi mana ɗakuna muka koma can gaba ɗaya.

Bijimin nan ja ne wur, tozonsa ya kwanta gefe ɗaya don girma, ga shi da sanyin hali. Baba kan tsaya yana sosa masa wuya yana cewa wannan jikan bijimin ubansa ne. A shekarun nan ba mai kai shanu kiwo nesa, garke ba ya haɗuwa da garke. Shi kaɗai ne namiji a garken, shi ke barbarar duka. Wani maƙwabci ya taɓa yi wa Baba tayin nasa farin sa, Baba ya yi godiya ya ƙi. Ya ce abin da ya rage masa na mahaifinsa ke nan, ba zai gauraya shi ba.

A nan na girma, na yi aure. Mijina ɗan ƙanin Baba ne, yana sayar da atamfa a Kasuwar Kwastam. Tare muka taso, ni na so shi, shi ya so ni. Da cikina na fari ya tsufa sai aka mai da ni gida goyon ciki, farkon damina.

Wata safiya ina shan kunu a tsakar gida na ji Baba yana salati daga wajen turaku. Wata karsana ce ta haihu, haihuwarta ta fari. Na miƙe zan leƙa, sai mahaifiyata, wadda muke kira Ya, wato uwa da Kanuri, ta tare ni a ƙofar zana.

"Koma ciki," in ji ta. "Mai ciki ba ta kallon wannan."

"Mutuwa ya yi, Ya?"

"Da ransa. Na ce ki koma."

Na koma. Amma da azahar, Baba ya tafi masallaci, Ya ta kishingiɗa, na lallaɓa na je.

Maraƙin yana tsaye, ja kamar ubansa, gashinsa ya bushe yana sheƙi. Ƙafafu lafiya, kunnuwa lafiya. Da ya ji motsina sai ya juyo. Inda ido ya kamata ya kasance, fata ce shafe da gashi, ta ɗan loɓa ciki, ko tsaga babu. Ya ɗaga kai ya tsaya saitin fuskata, kunnuwansa suna rawa, ya daɗe a haka. Na san ba ya ganina, amma ban taɓa jin an kalle ni irin na ranar ba. A daidai lokacin abin da ke cikina ya motsa. Na dafa turke, na kasa ko addu'a.

Ban gaya wa kowa na gani ba. Baba ya ce ikon Allah ne, yakan faru. Ya zuba tsakuwa a gwangwanin madara ya ɗaura wa uwar a wuya, maraƙin ya koyi bin ƙarar. Duk yini muna jin kacau-kacau a bayan zana, da ɗan kukansa idan ya yi karo da turke.

Ba a daɗe ba wata saniyar ta haihu. Wannan ma babu ido, ga ƙafafun gaba a murɗe, ya kasa miƙewa ya sha dakashi. Bai wuni ba. Uwar ta dinga kuka tana jan igiya, hantsarta ta cika ta yi tauri, ta hana a tatse ta. Sai Baba ya yi abin da makiyaya ke yi: ya feɗe maraƙin, ya cusa ciyawa a fatar, ya ɗinke, ya tsayar da ita da karare, ya barbaɗa mata gishiri. Saniyar ta shinshina, ta fara lasa, nono ya sauko. Kowace safiya Baba zai ɗauko fatar nan ya ajiye mata a gaba. Idan an gama tatsa sai a jingine ta a gindin darbejiya. Shi kuwa makahon maraƙin ya gano wurin da hancinsa, ya mai da shi wurin kwanciyarsa. Ta tagar ɗakina ina hango su biyun, mai rai a kwance, na ciyawa a jingine, fuskokinsu iri ɗaya. Na daina shan nono tun daga lokacin.

Magana ta yi yawa a unguwa. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce sammu. Wata tsohuwa ta ce shanun da suka ga abin da aka yi a daji ba za su haifi mai ido ba. Baba ya karɓo rubutu ya zuba a kwamin ruwa, Ya ta zagaye turaku da turaren wuta. Na uku da aka haifa lafiyarsa lau, da idanunsa manya, muka ce Allah ya yaye. Na huɗu ya zo babu ido.

Mijina ne ya kawo likitan dabbobi a keke napep, wani saurayi ɗan kudancin Borno da ke sayen kaya a wurinsa. Ina bayan zana ina tsince shinkafa, ina jin komai. Ya duba ruwa, ya duba dusa, ya tambayi ko an yi feshi ko shanun sun yi zazzaɓi da ciki. Baba ya ce babu ko ɗaya. Sai ya durƙusa gaban makahon maraƙin yana shafa fuskarsa.

"Baba, wane ne uban wannan?"

Baba ya nuna jan bijimin.

"Uwarsa fa, wa ya haife ta?"

"Shi ne."

"Wanda ya mutu fa? Uwarsa?"

Baba ya ce, "Ita ma 'yarsa ce. Amma Likita, dubi idon bijimin. Lafiyarsa ƙalau. Haka ubansa, haka kakansa."

"Na gani, Baba. Abin a jini yake, a ɓoye. Mai ɗauke da shi ba ya nunawa. Sai ya haɗu da irinsa daga wajen uwa sannan ya fito a jikin ɗa. Da, a daji, bijimai suna da yawa, jini yana nisa da jini, da wuya su gamu. A nan kuwa shi ya ba 'ya'yansa, kuma shi yake komawa kansu. Wani maraƙin ya tsira, wani ya faɗa."

"Babu allura?"

"Babu, Baba. Sai dai a canza bijimi, a kawo bare. Akwai 'ya'yansa a wani wuri?"

Ta ramin zana na ga Baba ya zauna a kan turmi. Ashe da hanya ta ɗan buɗe, aminin nan nasa ɗan Shuwa ya ce zai koma ƙauyensu, sai Baba ya ba shi karsana biyu da ɗan maraƙi namiji don ya sake kafa garke. Duka 'ya'yan jan bijimi ne. Nan take Baba ya ciro waya ya kira shi. Ba ta shiga ba.

Ni kuwa tiren shinkafar na cinyata, kalma ɗaya ta tsaya mini: jini kusa da jini. Ubana da uban mijina ciki ɗaya suka fito. Da mijina ya shigo gaishe da Ya, na ja shi gefe.

"Yaya, ka ji abin da likitan ya ce?"

Ya yi dariya. "Haba, mu shanu ne? Kakanninmu ma ai auren gida suka yi."

Ban yi dariyar ba. Ya dube ni, ya dubi cikina, tasa dariyar ta tsaya. Washegari ya kai ni awo. Na tambayi ma'aikaciyar jinya, ta ce komai lafiya a hoto, ta ce mafi yawan irin aurenmu lafiya ake haihuwa, ta tambaya ko akwai wanda aka haifa da wata lalura a danginmu. Na zo na sa Ya a gaba. Ta lissafo mini dangi har waɗanda suka rasu kafin a haife ni, babu makaho sai wanda tsufa ya rufe wa ido. Sai ta tsare ni da ido ta ce, "Kin je kin kalla ko?" Na sunkuyar da kai. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tofa mini addu'a a ruwa. Duk da haka, ko gyangyaɗi na yi da rana, fuskar nan nake gani a cikin zanin goyo.

Da hantsi na haihu, a asibiti. Ban tambayi mace ce ko namiji ba. Na ce a miƙo mini in ga fuskar. Idanun a rufe suke, a kumbure, irin na kowane jariri, amma ni ban san haka ba. Na fara kuka ina cewa babu, babu. Ungozoma ta ɗauka hankalina ne ya gushe. Ita kuwa Ya ta gane. Ta karɓi jaririyar ta kare mata haske da tafin hannu, sai ga su sun buɗe a hankali, baƙaƙe, suna ƙyalli. Ya ta ce, "Ga su nan. Duba da kyau ki huta."

Ana gobe suna Baba ya kira mahauci. Mutane suka ce ya kai bijimin kasuwa, irinsa ba a rasa mai so. Ya ce shi ya sa ba zai kai ba, duk wanda ya ga kyansa zai sa shi a garke. Shi da kansa ya kwance shi daga turke, ya ba shi dusa da kanwa, ya miƙa igiyar, ya fice daga gidan. Sai bayan la'asar ya dawo. An raba naman gida-gida, har da 'yan gudun hijirar da ke zaune a kangayen unguwa. Ranar suna kowa ya ci ya yaba. Baba ya ci tuwonsa da miyar kuka tsura. Da ya shigo ganin jikarsa ya ce mini, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa na ci, "kin ci naman?" Na ce a'a. Ya ce, "To, mu biyu ke nan."

Daga baya ya aro farin san maƙwabcinmu. Maruƙan da suka biyo baya duk da idanunsu suka zo, rabi ja rabi fari, Baba yana kula da su amma ba ya sosa musu wuya. Makafin biyu ya riƙe su fiye da yadda hankali zai ɗauka, yana ba su abinci da hannu, har bazara ta kashe ƙaramin, Ya ta matsa aka yanka babban.

Wayar amininsa ba ta sake shiga ba. Baba ya aika saƙo ta direbobi, ta fataken kifi, ta duk wanda ya ce zai bi ta wajen. Wani ya ce ya gan shi ya tsallaka iyaka da shanunsa, wani ya ce ƙauyen ma babu kowa. Yanzu Baba ya tsufa, ƙanina ke riƙe da shago, amma duk ranar da aka sauke shanu daga arewa sai ya hau keke ya tafi Kasuwar Shanu. Ba saye yake ba, ba sayarwa ba. Jajaye yake bi ɗaya bayan ɗaya yana duba kunnuwansu, ko zai ga tsagar da gidanmu ke yi wa shanu, ya tambayi daga hannun wa suka fito. Dillalai sun saba da shi, har benci suke ba shi a inuwa. Idan ya dawo Ya ba ta tambayarsa komai, ruwa kawai take miƙa masa.