Kujerar da Yaya Uwaisu Ya Ƙi

Yaya Uwaisu mijin yayata Zinatu ne, a gidansu na zauna a unguwar Lewisham ta Landan lokacin da na zo koyon aikin jinya. Mutumin Gusau ne. Ya zo Landan tun kafin yaƙin basasa da niyyar karatun akanta, karatu ya ƙi, ya kama aikin kwandasta a bas, zama ya miƙe. Ni kuwa ƙanwar mata ce, tsokanarsa halal ce gare ni, ban kuma taɓa raga masa ba.

Da kuɗin fetur suka ɓarke a gida, sai 'yan ajinsa suka fara sauka Landan cikin manyan riguna, wannan babban sakatare, wancan ɗan kwangila. Su kama otal wajen Charing Cross, su aiko ya zo ya raka su kantuna. Ya riƙe musu kaya yana dariyar yaƙe, ya dawo gida ya ture kwanon tuwo. "Wannan fa," in ji shi, "a bayana yake zama yana leƙen lissafina."

Abin da ya rage masa na tinƙaho shi ne benen da muke ciki. Gidajen hayar hukuma ne, yawanci tsofaffin Turawa, sai 'yan Jamaika da mu ƙalilan. Yaya ya riƙe benen nan kamar mai unguwa. In an yi rasuwa shi ne farkon zuwa ta'aziyya, in ruwan zafi ya ɗauke shi ke zarya ofis har a gyara. Kowa a ɗakinmu ya san yana kwaɗayin kujerar shugaban ƙungiyar 'yan haya. Amma da ka taɓo maganar sai ya ɗaure fuska.

"Bature ba zai taɓa ɗaga hannu ya zaɓi baƙar fata ba," haka yake cewa. "Ko a nan, ko a Amurka, har tashin duniya."

Ba a banza yake faɗa ba. A shekarar, masu ƙin baƙi har zanga-zanga suka yi a unguwarmu, kuma kullum da abin da za ka tarar an rubuta a bango.

Mutum ɗaya ke musu da shi: Katung, ɗan kudancin Zariya da gwamnati ta turo karatun lauya, yana zaune a hawan ƙasa da matarsa Eunice. Dogon yaro ne mai tulin suma da wando fantalo. Shi ya rantse wata rana baƙi zai mulki Amurka. Yaya ba ya ƙinsa a lokacin, yaron jiya kawai yake ce masa.

Ranar wata Asabar aka taru a zauren ƙungiya, domin tsohon shugaba zai koma bakin teku da zama. Ana buɗe maganar zaɓe sai Misis Margaret ta miƙe, wata tsohuwar Baturiya da Yaya ya yi jinyar mijinta tare da ita har ya cika. Ta ce ita Mista Uwaisu take so. Nan da nan aka ji murya daga nan da can ana cewa an yarda.

Yaya ya miƙe a hankali, ya gyara hula. Sannan ya juye musu, cikin Turanci, abin da duk ɗan mutunci ke faɗa a garinsu in an miƙo masa girma. Shi wane ne? Ga manya a zaune. Bai cancanta ba, a duba wani. Ya koma ya zauna ya sunkuyar da kai.

A can ƙasarmu an san yadda ake yi. Wani dattijo zai ce mun ji, amma kai muke so. Ya sake ƙi, a sake matsawa, sannan ya ce tunda kun nace. Abin da yake jira ke nan.

Sakataren ƙungiya ya dube shi da tausayi ya ce, "Mun fahimta, mun gode. Akwai wani?"

Na matso kusa da kunnensa. "Yaya, tashi ka ce ka yi changing mind ɗinka!"

"Ke Murja, natsu. Za su dawo."

Ba su dawo ba. Katung ya ɗaga hannu ya ce shi zai tsaya, ko kunya babu. Sai wani tsohon mahauci, Mista Bates, ya tashi fuska ja wur ya ce benen nan ba a Afirka yake ba, don haka shi ma ya tsaya. Aka ce a ɗaga hannu.

Da aka kira sunan Katung, hannuwa suka tashi, fararen ma sun fi yawa. Da aka kira Bates, ƙalilan suka tashi. Na waiga gefena, sai ga hannun Yaya Uwaisu a sama, yana kallon bango. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Katung ya ci. Ana tafi, Bates ya ratso zaure ya kama hannun Yaya ya girgiza. "Kai kam ka san matsayinka," in ji shi da ƙarfi. "Da duk irinku haka suke, da an zauna lafiya."

A gida Yaya ya kasa zama. Ya je taga, ya dawo. "Wa ya yi fighting da council masu gidajen nan a kan boiler ɗin ruwan zafi? Wa ya kai mijin matar nan asibiti? Yaron da ko sunan mutanen hawa na uku bai sani ba!"

"Amma Yaya, sun zaɓi baƙar fata fa."

"Sun zaɓi mara kunya!"

Zinatu ta harare ni, na ja bakina. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ya ci shi sosai. Daga ranar ko muryar Katung ya jiyo a matakala sai ya ƙara ƙarar rediyo. Katung ya hawo har ɗaki ya durƙusa ya ce, "Baba, aikin nan sai da kai." Yaya ya ce masa yana da ciwon kai.

Bayan 'yan kwanaki Misis Margaret ta ƙwanƙwasa ƙofa, tana haki don hawan bene. Ta ƙi shigowa. Ta ce tambaya ɗaya ta kawo ta.

"Mun yi maka wani laifi ne? Ƙofa-ƙofa na bi ina roƙa maka hannu, har waɗanda suka zage ni na koma musu. Mutane suna cewa don mu farare ne ba ka son shugabancinmu."

Ta ina Yaya zai fara? Ya ce mata ba komai, ya gode. Ta jinjina kai ta juya.

Ya tura ƙofa ya daɗe a tsaye, hannunsa a kan mariƙi. Can ya dube ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Murja, ƙofa-ƙofa ta ce?"

Na ce haka ta ce. Ranar ban tsokane shi ba.