Ɗauko Garmahon Yaya Mamman

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke fitar da matafiyi kuma Ya maido shi. Wannan tafiyar kwana shida ce da muka yi ni da yayana Mamman, wanda mutanen Magarya ke kira Sarjan, a kakar gyaɗa, zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasa. 'Yan'uwa sun dame ni da tambaya, shi ya sa na rubuta, ko da yake har yau akwai abin da ban gane ba a cikinta.

Yaya ya daɗe a soja. Da ya dawo, ba ya zuwa biki, ba ya son hayaniya, ba wanda ya ƙara ganin haƙoransa. Zance ɗaya yake maimaitawa: wai a wani gari na bakin teku ya taɓa shiga wani ɗaki, maza na zaune kowa da kofinsa, garmaho, wato akwatin kiɗa, na waƙa, ba mai cewa uffan. Ya ce nan kaɗai ƙirjinsa ya taɓa hucewa. Ya sayar da shanunsa biyu, ya share zauren gidanmu, ya ce irin ɗakin nan zai buɗe, shayi da goro da saurare. In kuwa Magarya ba ta iya shiru ba, zai tattara ya koma Kano, ba kuma zai waiwayo ba.

Inna ta kira ni gefe ta ce, "Habu, kai ne mai karatu, bi shi. Ni ban san garmaho ba. Ɗana dai nake so ka dawo mini da shi."

Rana ta farko: Magarya zuwa Dungas

Mun yi sallar asuba muka fita, ƙarfe biyar da rabi a agogon Yaya. Muka sami kamiyo, wato babbar motar kaya, da zai je ɗauko gyaɗa a Dungas, dala ashirin kowane mutum, muka zauna kan buhunan da ba kome a ciki. Wani ɗan kasuwa a Mallawa, Alhaji Mati, shi ne ya aiko cewa ya shigo da garmaho daga Kano, can muka nufa.

Ba mu yi nisa ba wani gardi mai jar dara, cikin dogaran Nasara, ya tsayar da mu. Yaya ya miƙa masa takardar izini da ya karɓo a biro, wato ofishin Nasara. Gardin ya karanta, ya dube ni tun daga rawani har takalmi.

"Malam, kai ma da kai za a sayar da giyar?"

"Wace giya? A'uzu billahi!"

Ashe da Yaya ya yi wa tafinta bayanin ɗakinsa, an duba littafin Nasara ba a sami sunan irin wannan sana'a ba, sai aka rubuta shi cikin gidajen giya. Yaya ya ce takarda ce kawai. Ni dai daga nan har Dungas istigfari nake yi. Sau biyu kamiyon ya kafe a rairayi muka sauka muka tura. Direba ya ce hanyar ba ta kai kilomita hamsin ba, amma sai azahar muka shiga gari. Muka sauka gidan wani abokin mahaifinmu, aka kawo tuwon gero da miyar kuka.

Rana ta biyu: Dungas zuwa Mallawa

Daga nan ba mota. Muka yi hayar jakai biyu, muka tashi ƙarfe shida, muka isa Mallawa rana ta take tsaka. Alhaji Mati ya tarbe mu da fura mai sanyi, sannan ya sa aka fito da wani baƙin akwati mai marfi da hannun waɗawa a gefe, da ɗan gwangwani cike da allurai. Yaya ya shafa akwatin kamar mai shafa goshin doki. Suka yi ciniki, aka sallama.

Yaya ya ce, "To, ina faya-fayan waƙar?"

"Af! Ai suna Guci."

"Guci kuma, Alhaji?"

"Surukina ya ara."

Na ce, "Shi ma yana da garmaho ke nan?"

"Ina fa ya gan shi!"

Na yi ta juya maganar ban ga kanta ba. Mutum ba shi da doki, me zai yi da linzami? Alhaji ya ce in mun je ma gani.

Rana ta uku: Mallawa zuwa Guci

Wannan shi ne zango mafi tsawo. Muka yi arewa tun da jijjifi, akwatin a bayan jaki, naɗe cikin bargon soja na Yaya. Mun tsaya a wata rijiya muka ci ƙuli-ƙuli na dala ɗaya, sai bayan la'asar muka ga rumbunan Guci.

Surukin Alhaji ya aurar da ɗa ne a watan. Mata suka ga faya-fayan nan baƙaƙe masu sheƙi, suka kafe su a bangon ɗakin amarya, tsakanin tasoshi da kwanonin jere. Sai da aka yi ta ba uwar ango haƙuri kafin a cire su. Bakwai ne, ɗaya ya tsage wajen bugun ƙusa, saura shida. Muka jera su cikin ƙwarya, muka zuba dusa tsakaninsu don kada su fashe, kada kuma rana ta lanƙwasa su.

Da safe Yaya ya ce zai gwada. Mutane suka cika ƙofar gida. Ya miƙe ya yi musu bayani da muryar soja: kowa ya zauna, ba magana, ba tafi, saurare kawai. Suka ce to. Ya waɗa hannun, ya ɗora allura.

Gangar noma ce ta fito daga cikin akwatin, sak irin wadda ake bugawa a gayya. Da farko kowa ya daskare. Can sai wani ƙato ya yi tsalle ya kurma ihu, ya wawuri hauya a jikin darni, ya hau kaftar ƙasar ƙofar gida, ga shi damina ta wuce tuntuni. Samari uku suka bi shi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Wani kuma ya matso ya saka kuɗi cikin bakin akwatin, wai a ba makaɗin.

Yaya ya ɗaga allurar. "Ku zauna! Na ce saurare ake yi!"

Wani dattijo ya ce, "To ai mun saurara, samari. Da ba mu ji ba, me zai tashe mu?"

Na ga gaskiyar Yaya, na kuma ga ta dattijon, na rasa wa zan ba.

Rana ta huɗu da ta biyar: Guci zuwa Dungas

Ranar ba mu bar Guci ba sai da hantsi, saboda sai da muka kwance bayan akwatin muka zaro kuɗin mutumin. Muka kwana a wani ƙauye a hanya, washegari da azahar muka shiga Dungas. Duk tsawon tafiyar Yaya na can gaba shi kaɗai, yana kora jakin akwatin.

Rubutun da ke jikin faya-fayan na boko ne, ni ban iya shi ba, Yaya kuwa lambobi kawai ya sani. Sai muka shiga ɗaki muka rufe ƙofa, yana ɗora kowane faifai kaɗan, ni ina rubuta sunansa da ajami a 'yar takarda ina liƙawa da ƙaro. Na noma, na kalangu, goge biyu, sai na dundufa, gangar maƙera. Muna kan na dundufa sai muka ji ana dukan ƙofa. Maƙerin unguwar ne, ya bar ƙarfe a wuta, da masaba a hannu, yana tambaya wa ke kiransa. Yaya ya rufe akwatin, ya ce ya isa. Faifai na shida bai sami suna ba.

Da yamma na ji shi yana tambayar direban kamiyo nawa ne kuɗin mota daga Magarya zuwa Kano. Na tuna Inna, na ce a raina, na je ɗauko akwati, zan koma in ce mata ɗan ya kuɓuce.

Rana ta shida: Dungas zuwa gida

Mun hau kan buhunan gyaɗa ƙarfe shida, ni rungume da ƙwaryar dusa kamar mai ɗauke da ƙwai. Gardin nan ya sake tsayar da mu, ya tambaye ni ko giyar ce a ƙwarya. Muka shiga Magarya ƙarfe goma sha ɗaya.

Yaya ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka ɗora butar shayi. Mutum kamar ashirin suka zo: 'yan kasuwa, da wani akawun kantin gyaɗa, da maɗinka biyu, da Baba Tanko, tsohon mahauci maƙwabcinmu, wanda ya goyi Yaya yana yaro. Yaya ya maimaita dokarsa. Baba Tanko ya ce, "Haba Mamman, mu yara ne? Ai mu birni muke, ba Guci ba."

Aka sa goge, aka ji lafiya, sai ɗan kaɗa kai. Na ga kafaɗun Yaya sun fara sauka. Ya miƙo hannu in ba shi na gaba, ni kuma hankalina na kan fuskarsa, ban duba rubutun da na yi da hannuna ba. Kalangu na ba shi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kalangu na mahauta ne. Baba Tanko ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Ya danne gwiwoyinsa da hannu biyu. Gumi ya keto masa. Ya cusa goro a baki. Da makaɗin ya juya ya saki taken fawa, sai tsohon ya yi wuf ya miƙe, hula ta faɗi.

"Sai ni Tanko na Magarya! Wuƙata ba ta kwana da yunwa! Sa ya gan ni ya yi sallama da kiwo!"

Yaya ya ɗaga allurar a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Shi ke nan, Baba. Ku sha shayinku. Gobe ina da tafiya."

"Mamman, kai fa ka kira ni. A kira mutum da sunan ubansa ya yi shiru? Ai sai shege."

Ba wanda ya motsa. Ni kuwa kunya ta rufe ni, don laifin nawa ne. Don dai in toshe shirun nan, na jawo faifan da ba shi da suna, na ɗora, na waɗa hannun yadda na ga ana yi.

Wani ƙaho ne ya tsage, mai kaifi, irin wanda ake busa wa soja a bariki, ganguna na biye da shi. Kafin in ɗaga kai Yaya ya riga ya miƙe. Ya buga ƙafa, ƙirji a gaba, hannu a goshi, idanu a kafe a bango. Ƙafarsa ta ture butar shayi, ruwan zafi na bin tabarma, bai ko sani ba. Haka ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi. Sauran mutane kuwa, har da Baba Tanko, suna zaune tsit, kowa ya karkata kunne, don ba su taɓa jin irin kiɗan ba. Shirun da Yaya ya sayar da shanu yana nema, ga shi ya cika zaure, shi kaɗai ne a tsaye.

Da faifan ya ƙare, Baba Tanko ya tauna goronsa, ya ce, "Zauna mana, Sarjan. Saurare ake yi."

Yaya ya dubi hannunsa a goshi, ya dubi butar da ke kwance. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, na yunƙura zan kama shi, ashe dariya ce. Ya yi ta yi har ya zauna dirshan a cikin ruwan shayin. Daga cikin gida na ji muryar Inna tana cewa, "Wane ne wannan? Wa ke dariya a zaure?"

Bai tafi Kano ba. Washegari ya sa na ƙara rubutu a ƙarƙashin kowane suna. Na kalangu: a duba in akwai mahauci. Na dundufa: a duba in akwai maƙeri. Tun daga ranar, kafin a ɗora faifai sai a dubi fuskokin da ke zaune, a sa wa kowa kiɗan wani. Mahauta sun fi kowa natsuwa a kan dundufa. In kuma jama'a suka nemi na soja, Yaya kan ɗora musu ya fita da sauri, ya je can bayan gida wajen bishiyar darbejiya da ya dasa a makon, ya yi ta ba ta ruwa har a gama.

Takardar biro har yanzu gidan giya take cewa, alhali ba abin da aka taɓa sha a zauren nan sai shayi. Liman ya tambaye ni hukuncin zama gaban akwati mai waƙa, na ce ina kan dubawa, kuma har yau dubawar nake yi. Wani lokaci ina zaune a can ƙurya da carbina, sai in tambayi kaina ko ni ma akwai faifan da zai tashe ni tsaye. Ban sani ba. Ina dai roƙon kada Alhaji Mati ya shigo da shi.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, mu biyu kamar yadda muka fita. Allah Ya saka wa mutanen Dungas da Mallawa da Guci da suka ba mu masauki, Ya kuma huci zuciyar uwar angon da muka bar mata ƙusoshi bakwai a bango.