Mutumin da Yake Raba Waƙa da Kiɗanta

Damina tara ke nan da Allah ya karɓi ran yayana, Malam Sabo. Har yau in na hau keke mai ƙafa uku daga Badarawa zuwa Malali, direba ya ƙure waƙa, sai in kama kaina ina yin abin da ya koya mana, wato in kawar da kunnena daga kiɗan, in saurari abin da mawaƙin yake faɗa. Sau da yawa ba ya faɗin komai. Wani lokaci kuwa baiti ɗaya zai tsaya mini a rai har in wuce inda zan sauka.

Yaya Sabo ma'aikacin gwamnati ne, bai taɓa rubuta waƙa ba, muryarsa kuma, Allah ya jiƙansa, ba ta daɗin rerawa ko kaɗan. Amma duk Asabar da hantsi zai zauna a barandar gidansa na Malali, ya sa kaset na waƙoƙin soyayyar da samari ke yayi, ya bari baiti ya wuce, ya tsayar. Sai ya nuna ni ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ce, "Maimaita. Ban ce ki rera ba. Faɗa min kamar an aiko ki." Yana cewa waƙa kamar amarya ce, sai ta wanke fuska ake sanin kyanta. Hukuncinsa biyu ne rak. Ko ya ce, "Wannan ta tsaya da ƙafarta," ko ya girgiza kai ya ce, "Wannan kiɗa ne ya goya ta."

Abokansa sun sha yi masa tsiya, wai dattijo da furfura yana bin waƙar yara. Ni ma na yi masa, don bakina bai iya shiru ba. Amsarsa ita ce yaran nan da Hausa suke kukansu, wanda ya ƙi saurare ba zai san inda ke musu ciwo ba. A wurinsa, yaron da ya jera kalma huɗu suka taɓa zuciya sha'iri ne, ko da wandonsa na jan ƙasa.

Akwai baiti ɗaya da ya fi so, inda mawaƙin yake ce wa budurwarsa ruwan da ta ba shi jiya har yau sanyinsa bai bar maƙogwaronsa ba. Wannan kam ba ya ba kowa, shi yake faɗa da kansa, a hankali, fuskarsa na kallon kicin inda matarsa, Anti Hauwa, take aiki. Mutumin da ko sunanta ba ya kamawa a gabanmu! Ita kuma daga can sai ta ce, "Malam, shayinka zai huce." Mun daɗe kafin mu gane hirar da suke yi.

Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Hankalinsa garau, yana jin komai, amma in ya buɗe baki babu abin da ke fita sai "to, to." Da jiki ya ci gaba da yin ƙasa, tsoro ɗaya ya cika gidan: kada ya tafi bai furta kalmar shahada ba. Anti Hauwa za ta faɗa masa, leɓɓansa su yi ta motsi, hawaye su gangaro, shiru. Limamin unguwa ya zo ya kwantar mana da hankali cewa Allah na duban zuciya, kuma mun yarda. Amma shi yana so ya faɗa da bakinsa, muna ganin haka a idonsa. Anti Hauwa ta taɓa ce min, "Ladi, na haƙura da tashinsa. Wannan kaɗai nake roƙo."

Wata rana bayan la'asar, mai sayar da faifai ya turo baronsa ta bayan taga, lasifika na tashi da tsohuwar waƙar nan. Da aka zo baitin ruwa, sai muka ji murya daga kan gado. Yaya ne yake bi, yana rerawa, kalma bayan kalma, babu wadda ta maƙale. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, mutum yana bakin kabari, harshensa ya ƙi kalmar Allah, ya buɗe wa waƙar soyayya? Anti Hauwa ba ta tsaya ɓacin rai ba. Ta ajiye kwanon kunun da ke hannunta, ta zauna a gefensa, ta ɗauko kalmar shahada da irin rerawar da 'yan Islamiyya ke yi. A karo na farko ya saurara. A na biyu ya bi ta, da muryar nan tasa marar daɗi, har ƙarshe. Ban taɓa yin kuka irin na ranar ba.

Daga baya likitansa ya ce ana samun haka, mai irin wannan ciwo ya kasa magana amma ya iya rerawa. Tun daga ranar kullum shi da Anti Hauwa suna rera kalmar shahada tare, kuma da safiyar da ya cika, ita ce a bakinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da waƙoƙin yau. Jikokinsa kowa da waya a kunne, muryar mawaƙi an bi da ita ta cikin na'ura har ba ka gane namiji ne ko mace, Hausa rabi Turanci rabi. Na san zai yi tsaki. Na kuma san bayan tsakin zai ce a tsayar, a maimaita masa, don bai taɓa yanke wa waƙa hukunci bai ji maganarta ba. Ni kuma da na samu abin tsokana, in ce Yaya, rerawar da ka yi shekaru kana kora daga barandarka, ita ta goya ka ranar da ƙafa ta ƙi. Ina jin da ya yi dariya ya ce ai abin da aka goya ɗin ya fi kowace magana tsayawa.

Kaset-kaset ɗinsa sun lalace, rediyon da yake sa su ma ban san inda ya shiga ba. Abin da ya rage shi ne gida guda na mutanen da ba sa iya jin waƙa ba su tambayi me ta ce ba. A Sallar da ta wuce, babbar jikarsa ta tono tsohuwar waƙar a waya, ta tsayar da ita daidai baitin ruwa, ta faɗa wa kakarta shi da baki, babu rerawa, ta ce, "Hajiya, wannan fa?" Anti Hauwa ta kalli kujerar Yaya. Sannan ta ce, "Ta tsaya da ƙafarta," ta tashi wai za ta duba shayi.

Allah ya jiƙan Yaya Sabo, ya sa mu ma mu cika da kalmar shahada.